Ta yaya ake sanin antibayotik ya yi aiki? Tambayoyi da amsoshi kan auna sakamakon gwajin magani

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna, da ma'aikatan jinya da aka sa su cika takardun bincike, da kuma iyalan da aka nemi su sa hannu a shigar da majinyacinsu gwaji. Maganar a kan magungunan kashe bakteriya ce, waɗanda aka fi sani da antibayotik. An sa wa tambayoyin lamba don a ji daɗin komawa daga wannan zuwa waccan.

1. Me ake nufi da "sakamako" a gwajin magani?

Shi ne abin da masu bincike suka amince za su ƙirga a jikin kowane majinyaci don su ce magani ya ci ko ya faɗi. Yana iya zama rayuwa ko mutuwa a rana ta 28, ko raguwar kumburi cikin kwana uku, ko ɓacewar ƙwayar cuta daga fitsari. Ana zaɓar guda ɗaya a matsayin babban ma'auni, sauran su zama 'yan rakiya, kuma dole a rubuta zaɓin a ajiye tun kafin majinyaci na farko ya haɗiyi ƙwaya.

Dalilin bai da nisa. Wanda ya auna abu ashirin ba zai rasa ɗaya da ya yi masa kyau ba, ko da maganin nasa ruwa ne. In an bar shi ya zaɓa bayan ya ga lissafi, ya zama mai harbi a bango sannan ya zagaye inda kibiya ta faɗa. Shi ya sa ake rajistar gwaji a rumbun da kowa zai iya dubawa kafin a fara.

2. Ai warkewa ake nema. Ina wahalar take?

Wahalar tana cikin kalmar kanta. Likita ya ce an warke idan zazzaɓi ya sauka, adadin fararen ƙwayoyin jini ya daidaita, babu bukatar ƙarin magani. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce an warke idan ya shuka samfuri bai ga komai ya tsiro ba. Shi kuwa mai ciwon, in bai iya hawa babur ɗinsa ya koma kasuwa ba, bai warke ba ko me takarda ta ce. Sau da yawa ukun sukan haɗu, amma inda suka rabu nan ne gardama take.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tana da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ma'auni na gaskiya shi ne wanda ya nuna yadda majinyaci yake ji a jikinsa, yadda yake iya tafiyar da harkokinsa, ko kuma tsawon rayuwarsa. Duk wani abu ban da waɗannan, hoton ƙirji ne ko awon jini, wakili ne kawai. Wakili kuwa sai an tabbatar yana faɗin abin da aka aiko shi da shi, kamar yadda za a gani a tambaya ta 4.

Akwai wani abu kuma. Cututtuka da yawa, irin su ciwon kunnen yara da toshewar kogon hanci, suna tafiya da kansu a mafi yawan mutane. A irinsu magani mara ƙarfi ma zai fito da alƙaluma masu kyau, domin jiki ne ya yi aikin, magani ya karɓi yabo.

3. Me ya hana a ƙirga mutuwa kawai, tunda ba a gardama a kanta?

Inda cuta take kisa da yawa haka ake yi. Gwajin da ake kafa misali da shi shi ne na streptomycin a kan tarin fuka, wanda majalisar binciken lafiya ta Birtaniya ta fitar a 1948, Austin Bradford Hill ya tsara rabon majinyata ta hanyar ƙuri'a. Mutum 55 aka bai wa magani tare da kwanciya, 52 kwanciya kawai. Cikin wata shida 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Likitocin da suka karanta hotunan ƙirji ba su san wa aka bai wa magani ba. Har yau ciwon huhun da ake kamuwa da shi a asibiti, musamman a kan na'urar numfashi, ana yawan auna shi da adadin waɗanda suka rasu zuwa rana ta 28, kome sanadin rasuwar.

Wannan "kome sanadin" yana ba mutane mamaki, amma da hikimarsa. Majinyaci a ɗakin kulawa ta musamman yana iya samun ciwon zuciya da na ƙoda da na huhu a lokaci guda. Da zarar an ba wani damar tantance wanne ya kashe shi, son rai ya sami ƙofa. Matsalar ita ce a cututtukan fata da na fitsari mutuwa ba ta da yawa, sai an tara dubban mutane kafin a ga bambanci. Gwajin MORDOR da aka fitar a 2018 ya nuna girman aikin: an raba azithromycin ko maganin wofi, wanda babu sinadarin magani a cikinsa, ga yara ƙanana gari-gari a Nijar da Malawi da Tanzaniya, yara kusan 190,000, kafin aka iya nuna raguwar mace-mace da kashi 13.5 cikin ɗari gaba ɗaya, kashi 18 a Nijar.

Shi kansa gwajin 1948 yana da ragowar labari. Ƙwayar ta bijire wa streptomycin a jikin da yawa daga cikinsu, kuma da aka bi su shekara biyar tazarar ta tsuke sosai. Ranar da aka tsaya ƙirga tana da nata tasirin, duba tambaya ta 7.

4. In an shuka samfuri ba a ga ƙwayar cuta ba, ba shi ke nan ba?

Hankali ya fi kwanciya da wannan ma'auni, shi ya sa ya fi yaudara. A 2014 an fitar da manyan gwaje-gwaje uku, REMoxTB da OFLOTUB da RIFAQUIN, duk suna neman rage maganin tarin fuka daga wata shida zuwa huɗu ta hanyar saka moxifloxacin ko gatifloxacin. Abin da ya ba da ƙwarin gwiwa tun farko shi ne waɗannan magunguna suna tsabtace kaki da sauri. Da aka bi majinyata bayan sun gama magani, sai aka ga cutar ta fi dawowa ga 'yan wata huɗu. Kakin ya ce an gama, huhu bai yarda ba.

Ɗaya gefen kuma yana ciwon fitsari. FDA tana so a haɗa biyu: alamomi su tafi, kuma adadin bakteriya ya faɗo daga 100,000 ko fiye a mililita guda zuwa ƙasa da 1,000. Sai ka ga mace ta daina jin zafin fitsari, ta koma aikinta, amma an rubuta ta cikin waɗanda magani ya gaza a kansu don an ga ƙwaya a samfurinta. A asibiti na yau da kullum irin wannan ba a ma ba ta magani in ba ciki gare ta ba. Wannan ya sa alƙaluman gwajin suke kama da abin tsoro ga wanda bai sani ba. A gwajin sabon maganin ciwon fitsari gepotidacin mai suna EAGLE-3, nasararsa ta tsaya a kashi 58.5, ta tsohon magani nitrofurantoin kuma 43.6. Ba wai rabin matan sun zauna da ciwo ba ne, ma'aunin ne mai tsauri. An amince da gepotidacin a Amurka a watan Maris na 2025.

5. Me ya sa ba a cika kwatanta sabon antibayotik da ƙwayar wofi ba?

Saboda ba halal ba ne a ba mai sanƙarau ko ciwon huhu garin sukari alhali ga magani a kanta. Don haka ana kwatanta sabo da wanda ake amfani da shi. Tunda kuma tsohon yana warkar da mafi yawan mutane, da wuya sabo ya nuna ya fi shi. Sai aka koma wata tambaya: shin sabon bai gaza tsohon da yawa ba? Wannan shi ne gwajin rashin gazawa, kuma mafi yawan antibayotik na zamanin nan ta wannan ƙofa suka shigo kasuwa.

Ana yanke rangwame tun farko, wato iyakar gazawar da za a yafe wa sabon magani, galibi kashi 10 cikin ɗari, ga ciwon huhun da aka ɗauko daga gida kuma FDA ta yarda da 12.5. A ce tsoho ya warkar da 85 cikin 100, sabo 83. Ba bambancin 2 ɗin kaɗai ake dubawa ba, ana lissafa iyakar da gaskiyar za ta iya kaiwa saboda ƙarancin mutanen da aka gwada. In mafi munin iyakar bai wuce rangwamen ba, an ci. Don haka idan ɗan kamfani ya ce maka maganinsu "daidai yake" da wancan, abin da gwajin ya nuna bai kai haka ba. Ya nuna dai da wuya ya gaza shi da fiye da goma.

6. Daga ina aka samo wannan rangwame? Wani ne ya zauna ya yanke?

Da can kusan haka ne, kuma an sha kunya. An amince da telithromycin a Amurka a 2004, a 2007 aka janye izinin amfani da shi a kan ciwon kogon hanci da na hanyoyin numfashi bayan rahotannin lalacewar hanta. Tambayar da ta taso ita ce, a cutar da ke tafiya da kanta, me rashin gazawa yake nufi? In tsohon maganin ma bai fi wofi da kashi 10 ba, sabon da ya gaza shi da 10 wofi ne. Ga kuma haɗarin zamewa: na biyu ya ɗan gaza na farko, na uku ya ɗan gaza na biyu, kowa da takardar cin jarrabawa, a ƙarshe a wayi gari ana sayar da abin da bai fi ruwa ba.

Tun daga nan aka ce sai an nuna girman amfanin tsohon magani a kan rashin magani, sannan a yanke rangwamen da bai cinye shi ba. Amma ina za a sami majinyatan da ba a ba magani ba? Sai aka koma tsofaffin mujallu na kafin zuwan penisilin. Ga ciwon fata, an dogara sosai da aikin Snodgrass da Anderson na 1937 a Glasgo, inda suka kwatanta magungunan salfa da hasken fitilar ultraviolet a kan wani ciwon fata mai ja da yaɗuwa. Abin da suka rubuta shi ne ko ciwon ya daina yaɗuwa cikin kwanakin farko, kuma a nan bambancin ya fi fitowa. Ni dai har yau ina mamakin yadda littafin ɗakin majinyata na shekara tamanin da wani abu yake yanke hukunci a kan maganin da aka kashe wa miliyoyin daloli.

7. Wace rana ake aunawa?

A nan Amurka da Turai suka rabu. Bisa ƙa'idar FDA ta 2013, ciwon fata ana duba shi ne tsakanin awa 48 zuwa 72 da fara magani, ana neman faɗinsa ya ragu da aƙalla kashi 20. A aikace ga yadda abin yake: ma'aikaciyar bincike ta ɗaga ƙafar majinyaci, ta zagaye iyakar jan da alƙalami a kan fata, ta ɗora ma'auni ta auna tsawo da faɗi, ta ninka. Sai ya kai murabba'in santimita 75 kafin ma a shigar da shi. Bayan kwana biyu ta dawo ta ga ko jan ya ja da baya daga layin tawada. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, sai an haɗa da tafin hannu a laluba inda kumburi da tauri suka tsaya, kuma mutum biyu suna iya samun lamba biyu a ƙafa ɗaya. Ciwon huhu kuma ana duba shi tsakanin rana ta 3 da ta 5, ana neman sauƙi a biyu cikin alamomi huɗu, wato tari, kaki, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ba tare da ɗaya ya ƙaru ba.

Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai, EMA, ta fi son a jira a gama magani, a ƙara kwanaki, sannan likita ya duba ya ce an warke ko ba a warke ba. Kowa da hujjarsa. Awon farko yana kama lokacin da aikin magani ya fi bambanta da aikin jiki, amma sauƙin rana ta uku ba warkewa ba ne. Awon ƙarshe ya fi kusa da abin da majinyaci ya damu da shi, sai dai ya dogara da idon likita. Kamfanoni sukan auna duka biyun a gwaji ɗaya, su miƙa wa kowace hukuma wanda take so.

Wani lokaci kuma duk labarin yana bayan an sallami mutum. A gwajin fidaxomicin da vancomycin a kan gudawar da bakteriyar C. difficile ke jawowa a 2011, warkewar farko kusan ɗaya ce, amma cutar ta dawo wa kashi 15 a rukunin farko, 25 a na biyu.

8. Majinyaci ya riga ya sha magani daga kemis kafin ya zo. Ya ɓata gwajin?

Yana iya ɓatawa, kuma ta hanyar da ke amfanar magani mara kyau. Daptomycin ba ya aiki a huhu, saboda sinadarin da ke shimfiɗe cikin huhu yana kashe masa ƙarfi. A gwajinsa da ceftriaxone, waɗanda aka riga aka ba antibayotik mai aiki na ƙasa da kwana guda kafin shiga sun warke kusan daidai a rukunin biyu. A cikin waɗanda ba a ba komai ba ne gazawar ta fito fili. Shi ya sa ake taƙaita yawan irin waɗannan majinyata. A wuraren da ake sayen kafso ba takardar likita, mutum ma ba lallai ya san sunan abin da ya sha ba, don haka wannan tambaya ce da sai an zauna an yi ta a tsanake, in da hali a kawo kwalin.

9. Waɗanda suka daina shan magani ko suka ɓace, ana ƙirga su?

Ana lissafi iri biyu. Na farko ya ɗauki duk wanda ƙuri'a ta faɗa kansa, ko ya sha ko bai sha ba, wanda ya ɓace kuma galibi a rubuta shi cikin gazawa. Na biyu ya ɗauki waɗanda suka bi tsari daidai kawai. Akan ƙara na uku, na waɗanda aka tabbatar da ƙwayar cuta a samfurinsu. A gwajin rashin gazawa, duba tambaya ta 5, sakaci yana taimakon sabon magani, domin duk abin da ya sa rukunin biyu suka yi kama da juna nasara ce gare shi. Mai mura da aka shigar a matsayin mai ciwon huhu zai warke a kowane rukuni. In lissafin biyu suka saɓa, a yi hattara da rahoton.

10. Shi majinyaci ana tambayarsa kuwa?

An fara, amma a makare. Akwai takardun tambayoyi da majinyaci ke amsawa da kansa, ba tare da likita ya fassara masa jikinsa ba, kuma FDA ta fitar da ƙa'idar tsara su a 2009. An fi samun ci gaba a ciwon fitsari da ciwon huhu, inda alamomin abin ji ne. Da aka zauna da masu ciwon aka tambaye su, gajiya da kasa komawa aiki suna fitowa sosai, abubuwan da tsofaffin ma'aunai ba su kula da su ba.

Fassara irin wannan takarda aiki ne na kansa. Ka tambayi dattijo yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da numfashi yana yi masa wuya, domin ladabin amsa ke nan. Mai binciken da ya rubuta wannan a matsayin "ya samu sauƙi" ya auna tarbiyya ne. Gara a tambaya ko ya iya tafiya masallaci jiya, ko ya yi salla a tsaye, sau nawa tari ya tashe shi da dare.

11. Ina illar magani take shiga lissafi?

A al'ada teburi biyu ake yi, na amfani da na illa, mai karatu ya haɗa da kansa. Lahanin shi ne ba ka sanin ko waɗanda suka warke su ne ƙodarsu ta lalace. A 2015 Scott Evans da abokan aikinsa suka gabatar da tsarin da ake kira DOOR, inda ake ɗora kowane majinyaci a kan tsani gwargwadon yadda ya ƙare gaba ɗaya: a sama wanda ya warke ba illa, ƙasa da shi wanda ya warke da illa, sai wanda bai warke ba, a ƙarshe wanda ya rasu. Tambayar sai ta zama, in an ɗauko mutum ɗaya daga kowane rukuni, wa ya fi yiwuwar yana matakin sama? Da wannan aka kwatanta maganin kwana 5 da na kwana 10 a ciwon huhun yara a gwajin SCOUT-CAP, gajeren ya fito gaba. Gardamar da ta rage ita ce wa ke jera matakan, domin abin da likita ya ɗauka ƙaramar illa ba lallai uwar yaro ta yarda ba.

12. Ƙwayoyin da suka bijire wa magani fa? Ai dominsu ake ƙera sababbin.

Nan ne gibin ya fi faɗi. An ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, amma manyan gwaje-gwaje galibi suna cire wanda ƙwayarsa ta bijire wa maganin kwatance, don ba za a ba shi abin da aka san ba zai yi ba. Sai a sami izini da majinyata masu sauƙi, a yi amfani da maganin a kan masu tsanani. Cefiderocol ya ci gwajinsa na ciwon fitsari, an amince da shi a 2019. A ƙaramin gwajin CREDIBLE-CR kuwa, na masu ƙwayoyin da suka bijire wa carbapenem, wani rukunin antibayotik mai ƙarfi, warkewa a idon likita ta zo kusan ɗaya, amma zuwa ƙarshen binciken kashi 34 sun rasu a rukuninsa, 18 a ɗaya rukunin. Mutanen kusan 150 ne kawai, har yau ana muhawara ko magani ne ko rashin sa'ar ƙuri'a.

Gwajin MERINO na 2018 darasi ne ta wata fuska. Takardar ɗakin gwaji tana nuna piperacillin-tazobactam zai yi aiki a kan bakteriyar E. coli da Klebsiella da suka bijire wa ceftriaxone a jini, amma a rana ta 30 kashi 12.3 na waɗanda aka ba shi sun rasu, a rukunin meropenem 3.7.

13. An taɓa yin irin waɗannan gwaje-gwaje a ƙasar Hausa?

An yi, kuma guda biyu sun isa a ajiye gefe da gefe. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada trovafloxacin, wato Trovan, a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin Trovan, 6 a na ceftriaxone. Wanda ya kalli wannan lamba kaɗai zai ce lafiya lau. Amma an yi ƙorafi kan neman yardar iyaye, da takardar izinin kwamitin ɗa'a, da rage adadin ceftriaxone da aka bai wa rukunin kwatance, abin da in ya tabbata yana ƙawata sabon magani kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 9. Sanƙarau kuma yana barin kurumta da shanyewar jiki waɗanda sai an daɗe ana bibiya ake ƙirga su. Kamfanin ya musanta laifi, a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

A 2003 kuma, a lokacin annoba a Nijar, an kwatanta allura guda ta ceftriaxone da allura guda ta chloramphenicol mai mai a kan majinyata kusan 500, da ma'aunin da aka rubuta tun farko: gazawar magani zuwa awa 72. Ta zo kashi 9 a kowane rukuni, aka wallafa a 2005, ceftriaxone ya zama zaɓi a lokacin annoba.

14. An nemi in sa hannu a shigar da ɗana gwaji. Me zan tambaya game da sakamako?

Ka tambayi abin da za su ƙirga a jikinsa da ranar da za su ƙirga. Ka tambayi maganin da ake bai wa ɗaya rukunin, da ko cikakken adadinsa ne da ake bayarwa a asibiti. Ka ji abin da za a yi in jikinsa ya ƙi a rana ta biyu ko ta uku, wa ke da ikon canja masa magani, da ko akwai kwamiti mai zaman kansa da ke duba alƙaluman mace-mace yayin da gwaji ke tafiya. In sanƙarau ne, ka tambaya ko za a gwada jinsa bayan sallama, kuma wa zai biya kuɗin motar dawowa. A Najeriya gwajin magani yana bukatar izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike, ka nemi ka ga takardun, a karanta maka takardar yarda da Hausa, a ba ka kwafi ka tafi da shi gida. Kana iya janye yaron a kowace rana ba tare da an hana shi kulawar asibiti ba. In ka janye, za su so ka bari a kira ka a ranar awon ƙarshe don a san yadda ya ƙare, wannan kuma kai ke da zaɓin amsawa.